Yadda Ake Zaɓen Sigarin Lantarki Mai Ƙara da Rage Wuta ga Mai Farawa

Wannan bayani na baligi ne wanda ya riga ya saba da taba, yake neman hanyar rabuwa da ita. Wanda bai taɓa kai kara bakinsa ba, ba shi da abin nema a nan, domin nikotin ɗin da ke cikin ruwan sigarin lantarki yana kama mutum kamar yadda na taba ke kamawa. Haka mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 18 ba. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko asma kuwa ya fara ganin likita tukuna. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana cewa illar wannan na'ura ba ta kai ta taba ba, amma ba ta taɓa cewa babu illa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma har gobe tana jan kunne a kanta.

Abin da ke jefa masu farawa cikin asara shi ne babbar lambar da ke jikin kwali. Mutum ya ga an rubuta 200W sai ya ɗauka ita ce mai kyau. Zaɓi daga baki yake farawa: yadda kake zuƙa shi ke nuna koyil ɗin da ya dace da kai, koyil ya nuna yawan wuta, wuta kuma ta nuna batir.

Kayan da za ka buƙata

- Akwatin na'urar, wanda 'yan kasuwa ke kira mod. A cikinsa batir yake, da allo da maɓallan ƙara wuta da ragewa.
- Tanki, ko kofin roba da ake kira pod, inda ake zuba ruwa.
- Koyil, wato 'yar wayar da ke zafi, an naɗe ta da auduga. Ka sayi fakiti guda na ƙari tun ranar farko.
- Ruwan da ya dace da koyil ɗin.
- Batir mai lamba 18650 ko 21700, idan akwatin mai cire batir ne, tare da cajarsa ta daban da 'yar robar ajiye batir.
- Wayar caji USB-C, da tishu ko tsumma mai tsabta.

Kalmomi uku sun ishe ka. Wat, da ake rubutawa W, shi ne yawan wutar da akwati ke tura wa koyil. Om, mai alamar Ω, shi ne taurin kan koyil wajen barin wuta ta wuce: in lambar ta yi ƙasa, koyil ɗin mai cin wuta ne, in ta yi sama, kaɗan ta ishe shi. Sai mAh, wato yawan cajin da batir ke ɗauka.

1. Ka fara sanin irin zuƙarka

Zuƙa iri biyu ce. Ta farko ita ce ta mai shan kara: ka ja hayaƙi ka tara a baki, sannan ka shigar da shi ƙirji. A jikin kwali za ka ga an rubuta MTL. Ta biyu ita ce ta mai shisha, a ja kai tsaye zuwa huhu da baki a buɗe, ita ce DTL ko DL. Akwai ta tsakiya, RDL, mai ɗan sakin iska.

Wanda ya baro kara ya fara da MTL. Bakinsa ya riga ya saba da matsattsiyar zuƙa, kuma tururin bai da yawan da zai shaƙe shi. Da yawa waɗanda suka koma wa taba bayan kwana uku, babbar na'urar DTL aka sayar musu: zuƙar farko tari ya turnuƙe su, idanu suka kawo ruwa, suka jefa ta a durowa. Wanda ya baro shisha ne zai fi jin daɗin RDL ko DTL.

2. Ka zaɓi koyil, shi zai faɗa maka yawan wuta

Kowane koyil na kirki an rubuta om ɗinsa da iyakar wat ɗinsa a jikin ƙarfensa, da ƙananan haruffa. Ga yadda suke kasancewa galibi:

- 1.0 zuwa 1.2 om: wat 10 zuwa 15, na MTL.
- 0.6 zuwa 0.8 om: wat 15 zuwa 25, na MTL mai sauƙi ko RDL.
- 0.15 zuwa 0.4 om: wat 40 zuwa 80, na DTL.

Abin da aka rubuta a jikin naka koyil ɗin shi ne abin bi, ko da ya saɓa wa wannan jeri. Ka ga ke nan mai farawa da MTL ba zai wuce wat 25 ba, don haka akwatin da ke kaiwa wat 40 ya ishe shi har da saura. Wanda ke ganin wata rana zai gwada DTL ya ɗauki mai wat 80, mai batir ɗaya. Mai wat 200 batir biyu yake ci, yana da nauyi a aljihu, kuɗinsa ya fi, kuma kashi tara cikin goma na ƙarfinsa zai zauna ba amfani.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai shago wane koyil na'urar ke ci, ka kuma zagaya wasu shaguna biyu ka ga ko suna da shi. Koyil sati ɗaya zuwa biyu yake yi ya mutu, kuma na wani kamfani ba ya shiga tankin wani. Vaporesso suna da jerin GTX, Voopoo suna da PnP, Aspire suna da Nautilus, Innokin suna da Z. Na'ura mai tsada da babu koyil ɗinta a garinku ta zama kwalliya. Wannan tambaya ta fi launi da girman allo muhimmanci nesa ba kusa ba.

3. Pod ko akwati mai tanki

Akwatin da ke ɗauke da pod ƙarami ne, kofin da maganaɗisu yake mannewa, canza koyil kuma cira ne da turawa. Matsalarsa, ka ɗaure kanka da kamfani ɗaya. Akwati mai tanki kuwa yana da mazugi a samansa wanda ake kira 510, kusan duk tankunan duniya suna hawa kansa, saboda haka in tanki ya fashe ko koyil ɗinsa ya ɓace a kasuwa, sai ka sayi wani tankin ka ci gaba da akwatinka. Inda kaya ba su cika zuwa a kan kari ba, mai 510 ya fi kwanciyar hankali.

Ka duba kuma akwai zoben iska da ake murɗawa a rage ko a ƙara. Tankin da ƙofar iskarsa ke sama ya fi wuyar yoyo a kan wanda tasa ke ƙasa. Mai aiki a waje cikin ƙurar hunturu, ɗan acaɓa ko magini, ya nemi wadda aka rubuta IP67 ko IP68, irin jerin Aegis na Geekvape, domin ƙura da ruwa ba sa shiga jikin akwatin.

Akwai wata iri da ake kira mechanical mod, bututun ƙarfe ne kawai babu allo babu kwakwalwar da ke katse wuta in an samu matsala. Ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

4. Batir

A nan ne haɗarin gaske yake, don haka a yi haƙuri da tsawon bayani.

Akwati mai batir a ciki, wanda ba a cirewa, ya fi sauƙi ga mai farawa: caji kawai kamar waya. Ga MTL, mai mAh 1500 zuwa 2500 yana kai mutum yini. Aibinsa shi ne in batir ya gaji bayan shekara ɗaya ko biyu, na'urar duka ta tafi. Mai cire batir ya fi daɗewa, kuma inda wuta ba ta tsayawa yana da daɗi, sai ka caja biyu ka ajiye ɗaya. Amma yana zuwa da sharuɗɗa.

Lambar 18650 girma take nufi: faɗi milimita 18, tsawo milimita 65. Ba kowane batir mai wannan girman ne ya dace ba. Na cikin tocila mai caji, da wanda ake ɓarowa daga tsohon batir ɗin laftof ana sayarwa a tire, girmansu ɗaya da na sigarin lantarki, amma ba a yi su don ja mai ƙarfi ba. In aka matsa musu sai su yi zafi, su kumbura, wani lokaci su yi feshin wuta. Abin da ake dubawa shi ne yawan amfiya, mai harafin A, da batir ke iya bayarwa ba tsayawa. Samsung 25R yana ba da 20A da mAh 2500. Samsung 30Q yana ba da 15A da mAh 3000. Molicel, da kuma Murata da suka gaji batiran Sony, su ma sunaye ne da aka yarda da su.

Lissafin ba wuya. Ka ɗauki wat ɗin da za ka yi amfani da shi, ka raba da 3.2, wato bolt ɗin da batir ke sauka kafin akwati ya katse, ka sake rabawa da 0.9 saboda wutar da ke salwanta a hanya. Wat 60 zai ba ka kusan 21A. A taƙaice, batir mai 20A kada ya wuce wat 57, mai 15A kada ya wuce wat 43. In akwatin mai batir biyu ne, sai a raba wat ɗin biyu kafin lissafi. Mai zuƙa a wat 15 bai kai 6A ba, ko wanne daga cikin waɗannan ya ishe shi, sai ya ɗauki mai mAh mafi yawa.

Jabu ya cika kasuwa. Batir 18650 na gaske bai cika wuce mAh 3500 ba, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 6800 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta. Na gaske yana da nauyin kusan giram 45; in ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye shi. Ka sayi mai shafaffen kai, domin mai ɗan tsini a kai ba ya shiga yawancin akwatuna.

Ledar da aka naɗe batir da ita ita ce rigarsa. Duk jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinta ɓangaren negatif ne, kuma ɗan farin zoben da ke sama shi kaɗai ya raba shi da fozitif. Ko yagewa kamar ƙwayar gero ka gani a ledar, musamman kusa da kai, daina amfani da shi har sai an sake masa riga. Kada ka taɓa jefa batir tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Ƙarfe ya haɗa kai da jiki, cinyarka ce za ta ƙone. In babu robar ajiya, naɗe kowanne daban a leda mai kauri ka ɗaure da kyauro kafin ka samu. Akwati mai batir biyu kuma a saya masa biyu iri ɗaya rana ɗaya, a caja su tare, a yi amfani da su tare, kada a haɗa tsoho da sabo.

Wajen caji, cajar batir ta daban irin ta Nitecore ko Xtar ta fi. In babu, a yi ta jikin akwatin da kan caja mai 5V da 1A ko 2A. Kan caja mai saurin cika waya a bar shi sai in takardar na'urar ta yarda. Kada a bar ta a caji a kwanta barci, kada a ɗora ta kan katifa ko matashi. Lokacin da ake tayar da janareta ko aka dawo da wuta da ƙarfi, cire ta daga soket. Fawa bank ya fi aminci a irin wannan hali. Zafin bazara ma abokin gaba ne: motar da aka rufe a rana tana iya lalata batir, ta kuma tsinka ruwan tanki ya tsiyaye.

Yawan wuta yana da alaƙa da yawan caji. Batir mai mAh 3000 a wat 15, in kowace zuƙa daƙiƙa uku ce, zai ba da zuƙa wajen 700. Shi ɗin dai a wat 60 bai kai 200 ba.

5. Ruwa ya dace da wutar

Abu biyu ake dubawa a kwalba. Na farko kaurin ruwa, wanda ake rubutawa VG da PG. VG mai kauri ne, shi ke kawo tururi. PG tsinkakke ne, shi ke ɗaukar ɗanɗano da ɗan kartar maƙogwaro irin na taba. Ƙaramin koyil na MTL ramukansa ƙanana ne, sai ruwa 50/50. In ka zuba masa mai VG 70, auduga ba za ta sha da sauri ba, ta ƙone. Babban koyil na DTL kuma in ka ba shi 50/50 sai ya yi ambaliya, ruwa ya riƙa fitowa ta ƙofar iska.

Na biyu ƙarfin nikotin, ana rubuta shi mg/ml ko da kaso: 2% daidai yake da 20mg, 5% kuma 50mg ne. Ƙa'idar ita ce, wuta kaɗan nikotin da ɗan yawa, wuta da yawa nikotin kaɗan. A MTL, mai shan kwali guda a rana yakan fara da 18 zuwa 20mg, mai shan rabin kwali 10 zuwa 12mg, mai kara uku zuwa biyar kuma 6mg. A DTL kada a wuce 3 zuwa 6mg. Tarayyar Turai da Birtaniya sun kayyade 20mg a matsayin iyaka, amma a kasuwanninmu ana samun mai 50mg. Zuba irin wannan a koyil mai wat 60 kuskure ne babba: jiri, tashin zuciya, gumi mai sanyi, ciwon kai da bugun zuciya za su biyo baya cikin 'yan mintuna. Duk wanda ya ji haka ya ajiye na'urar, ya sha ruwa, ya samu iska. In abin bai lafa ba a tafi asibiti.

Kada a zuba komai a tanki sai ruwan da aka yi don shi, mai hatimi da ranar lalacewa. Ban da turare, ban da mai kowane iri, ban da haɗin da wani ya yi a ɗaki. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka mutane fiye da 2,800 suka kwanta asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu, kuma binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya danganta yawancin abin da man bitamin E da aka gauraya a ruwan wiwi na bayan fage. Kwalbar ruwa kuma a kulle ta inda yara ba sa kaiwa. Ƙamshinta na alewa ne ko mangwaro, kuma kurɓa kaɗan tana iya halaka ƙaramin yaro.

6. A shago

Kwali ya zo a rufe da ledarsa. Manyan kamfanoni suna manna wata 'yar takarda da ake kankarewa, lamba ta fito, a shigar da ita a shafinsu na intanet a tabbatar ta gaske ce. Yi haka tun kana gaban mai shago. Sa batir a kunna, ka ga allo yana karantuwa, maɓallan ƙari da ragi suna aiki, ƙofar batir ba ta girgiza. Ɗaura tankin ka duba om ɗin da allo ya nuna: in koyil 0.8 ne ya nuna 0.78 ko 0.83 babu laifi, in yana tsalle daga wannan lamba zuwa waccan, akwai matsala a mazugin. Tambayi ko akwai gilashin tanki na canji da zobban roba a cikin kwalin.

7. Haɗawa da kunnawar farko

Sabon koyil audugarsa a bushe take, kuma daƙiƙa ɗaya ta wuta a kan busasshiyar auduga ta gama da shi. Ɗanɗanon ƙuna ba ya fita. Ɗiga ruwa uku zuwa biyar a kan audugar da ke leƙowa ta ramukan gefe, har ka ga ta yi duhu ta jiƙe. Sa koyil ɗin ya zauna daram, cika tanki ta ramin gefe, ban da bututun tsakiya, ka bar ɗan sarari a sama. Rufe, ka ajiye shi a tsaye minti biyar zuwa goma. Sannan ka ja sau uku ko huɗu ba tare da danna maɓalli ba.

Yawancin akwatuna da danna babban maɓalli sau biyar da sauri ake kunna su, haka ake kashewa. Zaɓi tsarin da aka rubuta Power, VW ko Watt. In akwai Smart, shi ma ya yi, domin yana karanta koyil ya hana ka wuce iyaka. Tsarin TC, mai kayyade zafin koyil, na wayoyin koyil ne na musamman kamar nikel, taitaniyam da SS316L, Bypass kuma yana tura wutar batir kai tsaye. Bar su duka biyun.

Fara daga ƙasan abin da aka rubuta. In koyil ya ce 12 zuwa 18, sa 11 ko 12, ka yi zuƙa biyar gajeru. Ƙara wat ɗaya, ka sake. Za ka ji tururi yana ɗumi, ɗanɗano yana fitowa. Inda ka ji ya yi maka, tsaya nan, yawanci wajen tsakiya ne. Da ka ji ɗaci ko bushewa, koma baya da wat biyu. A babban koyil ana hawa da biyar biyar. Zuƙar a hankali ake yi, daƙiƙa uku zuwa huɗu, ba fizga irin ta kara ba, kuma a bar daƙiƙa 15 zuwa 20 tsakani don auduga ta sake sha. In ka samu lambarka, kulle maɓallan, kuma kashe na'urar kafin ta shiga aljihu. Duk ranar da ka canza zuwa koyil mai wani om, duba allo kafin ka danna.

8. In abu ya ƙi

Ɗanɗanon ƙuna yana zuwa daga wuta da ta yi yawa, ruwa da ya yi ƙasa da ramukan koyil, ruwa mai kauri, ko koyil da ya tsufa. Ruwa mai zaƙi sosai yana daskarewa a kan waya ya yi baƙi, shi ya sa yake kashe koyil da wuri.

Ƙarar gurgur da tsartuwar ruwa a baki alamar ambaliya ce, sau da yawa saboda wuta ta yi kaɗan ko ana fizgar zuƙa. Cire tankin, naɗe ƙofar iska da tishu, hura ta baki sau biyu, ka ƙara wat ɗaya ko biyu. In yoyo ya ci gaba, duba zobban roba ko ɗaya ya tsinke, kuma ka daina kwantar da na'urar.

In allo ya rubuta No Atomizer ko Check Atomizer, akwatin bai ga koyil ba: kwance, goge mazugin da tishu, ɗaura ba tare da matsewa da ƙarfi ba. In ya rubuta Short, canza koyil, kada ka ci gaba da dannawa. Too Hot na nufin a ajiye ta ta huce. Batir da ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko ya fara wari, a fitar da shi waje a ajiye kan ƙasa ko siminti nesa da mutane.

Mai tafiya ta jirgin sama ya sa na'ura da batir a jakar hannu, ba a yarda su shiga kayan da ake aunawa ba, kuma ya rage ruwan tanki don matsin iska yana sa shi yoyo. Ya binciki dokar inda za shi, domin Indiya, Tailan da Singafo sun haramta ta.

9. Rage nikotin

Ranar da ka fara, ka yi ƙoƙarin ajiye kara gaba ɗaya, domin haɗa biyun yana rage amfanin sauyin ƙwarai. In sha'awar taba tana taso maka a satin farko, yawanci nikotin ɗin ruwan ne ya yi kaɗan. Ƙara ƙarfin ruwan mataki ɗaya, ka bar wat yadda yake. Bayan wata biyu ko uku ba ka taɓa kara ba, sauko daga 20mg zuwa 12 ko 10, ka zauna a nan makonni, sannan 6, sannan 3, sannan ruwan da babu nikotin. In babu matakin tsakiya a shago, haɗa rabin mai 12 da rabin mai 6 na kamfani ɗaya da ɗanɗano ɗaya, ka samu 9. Ka lura da yawan ruwan da kake ƙararwa a rana: in ka sauko mataki sai ka ga mililita 2 ta koma 4, saukowar ta yi sauri, koma matakin baya na sati biyu sannan ka sake gwadawa.